Babi na Bakwai: Mutanen Kwalekwale

A shekarar 1940, bayan Jamus ta mamaye Faransa ta kuma koro sojojin Birtaniya gida ta Dunkirk, wani ƙaramin hafsa mai suna Roger Courtney ya addabi manyansa da wata shawara da ba mai son ji. Cewa yake yi mutum biyu a cikin kwalekwale za su shiga inda babban jirgin yaƙi ba zai kusanta ba, su leƙo asiri ko su yi ɓarna, su fice ba wanda ya gan su. Courtney ba baƙon ruwa ba ne. Ya yi shekaru yana farautar manyan namun daji a gabashin Afirka, ya kuma taɓa bin kogin Nilu a kwalekwale tun daga tafkin Victoria har Masar. Sai dai manyan hafsoshin ruwa na Ingila sun tashi ne suna auna ƙarfi da girman jirgi da faɗin bakin igwa. Ba su ga abin da ɗan kwalekwalen katako da tamfol, wanda ake naɗewa a saɓa a kafaɗa, zai tsinana ba.

Da baki ya gaza sai ya nuna a aikace. Labarin da ake bayarwa har yau shi ne, wata rana da dare ya tuƙa kwalekwalensa zuwa wani jirgin soja mai suna Glengyle da ke tsaye a mashigin kogin Clyde na Scotland, ya haye ba tare da masu gadi sun ji motsinsa ba, ya rubuta haruffan sunansa a ƙofar ɗakin kyaftin, ya kwance murfin wata igwa, ya kai shi yana ɗigar ruwa gaban hafsoshin da ke cin abinci a wani otal. Aka ƙara masa girma zuwa kyaftin, aka ba shi mutum 12. Daga nan aka samo tushen rundunar da a yau ake kira Special Boat Service, ko SBS a taƙaice, wato dakarun musamman na sojojin ruwan Birtaniya.

Ba Turawan Ingila ne suka fara wannan dabara ba, kuma ba su ne suka fi gwanancewa a kanta da farko ba. Italiyawa sun riga su. A daren 18 ga Disamba 1941, mutum 6 na rundunar Decima MAS suka shiga tashar jiragen ruwa ta Iskandariya a Masar, a kan wasu makamai masu tafiya a ƙarƙashin ruwa waɗanda ake hawa bibbiyu. Suka dasa nakiya a ƙarƙashin manyan jiragen yaƙin Birtaniya biyu, Queen Elizabeth da Valiant. Gari na wayewa nakiyoyin suka tashi, jiragen suka yi wata da watanni ba su moru ba. An kama mutum shidan duka, amma sun riga sun yi wa rundunar Birtaniya ta Bahar Rum illar da ta sa London ta daina raina irin wannan yaƙi. Daga lokacin sai ƙananan rundunoni suka yi ta tsirowa, kowace da kwalekwalenta da shugabanta, har ana rikita sunayensu.

Cikinsu akwai ta Manjo Herbert Hasler na Royal Marines, wato sojojin ƙasa na rundunar ruwa. Ita ce ta yi aikin da ya fi kowanne suna, kuma a ganina shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin duk ƙarfin wannan sana'a da duk rauninta suna cikinsa.

Birnin Bordeaux na Faransa yana can cikin ƙasa, kusan kilomita 100 daga bakin teku idan aka bi mashigin Gironde da kogin Garonne. Daga tasharsa jiragen dakon kaya na Jamus suke sulalewa zuwa gabashin Asiya su dawo da roba da wasu kayan da masana'antun yaƙi ke buƙata. Ruwan bama-bamai ta sama zai kashe fararen hula na Faransa da yawa. Sai aka ba Hasler kwalekwale 6 da mutum 12.

A daren 7 ga Disamba 1942 jirgin ƙarƙashin teku mai suna Tuna ya ɓullo kusa da bakin Gironde. Tun wurin fito da kaya kwalekwale ɗaya ya yage, mutanensa biyu suka koma gida. Saura 5 da mutum 10 suka kama tuƙi. Mai karatun da bai san teku ba yana buƙatar ya gane abu guda: teku na cika ta janye sau biyu a kwana, kuma idan wannan ruwa mai yawa ya matsu a bakin mashigi ya gamu da tudun yashi, sai ya riƙa tumbatsa yana tashi fiye da tsayin mutum. Ayarin ya faɗa cikin irin wannan wuri a duhu, a tsakiyar hunturun Turai. A karo na farko kwalekwale ɗaya ya ɓace. A na biyu wani ya kife. Aka ja mutanensa biyu suna riƙe da bayan kwalekwalen 'yan uwansu har kusa da gaɓa, sannan Hasler ya ce musu dole a bar su nan su yi iyo. Sanyi ya kashe su. Kafin asuba kwalekwale na uku ma ya rabu da sauran. Dare ɗaya, ba a harba ko harsashi ba, ayarin ya koma mutum 4.

Waɗannan huɗun suka ci gaba. Da dare su yi tuƙi idan ruwa na cika yana tura su ciki, da rana su ja kwalekwale cikin laka da ciyawar bakin ruwa, su lulluɓa da raga su kwanta ba motsi. A daren 11 ga wata suka isa, suka manna wa jiragen da ke tashar nakiyoyi masu maganaɗisu a ƙasan layin ruwa, suka bi ruwa mai janyewa suka fita, suka nutsar da kwalekwalensu, suka kama hanyar ƙasa bibbiyu. Hasler da abokin tuƙinsa Bill Sparks sun yi tafiyar kusan kilomita 160 a ƙafa zuwa garin Ruffec, inda 'yan gwagwarmayar Faransa suka karɓe su, daga baya aka tsallakar da su duwatsun Pyrenees zuwa Sifen. Su kaɗai suka tsira. Sauran 6 da suka faɗa hannun Jamusawa an harbe su, bisa umarnin da Hitler ya sa wa hannu a watan Oktoban shekarar cewa duk sojan ƙundumbalar da aka kama a kashe shi, ko da yana sanye da kakinsa, ko da ya miƙa wuya.

An yi fim a kan wannan aiki, an rubuta littattafai, an kafa duwatsun tunawa a Faransa. Jarumtar mutanen ba ta da ja. Amma jiragen da aka fasa a ruwa marar zurfi suke, yawancinsu an gyara su sun koma aiki. Abin da ya fi ciwo kuma shi ne, a daidai lokacin akwai wata hukumar asiri ta Birtaniya mai suna SOE da ke da mutanenta a cikin Bordeaux ƙarƙashin Claude de Baissac, suna shirin fasa jiragen nan ta cikin tashar. Ofishin da ya aika Hasler bai san da su ba, su ma ba su san da shi ba, alhali duka biyun a London suke. Harin kwalekwale ya sa Jamusawa suka tsananta tsaro, shirin SOE ya rushe. Paddy Ashdown, wanda shi kansa ya yi aiki a SBS kafin ya shugabanci jam'iyyar Liberal Democrats, ya bi diddigin wannan a littafin da ya wallafa a 2012. Rashin sani ya fi dare duhu. Mutum 8 sun mutu a aikin da da ofisoshi biyu sun yi magana da juna, wataƙila da ba a tura su ba.

Aikin da ya fi amfani a yaƙin kuwa ba shi da ƙara ko kaɗan. A watan Maris na 1941 Courtney ya tuƙa wani hafsan ruwa, Nigel Clogstoun-Willmott, zuwa gaɓar tsibirin Rhodes, shi kuma ya shiga ruwa ya yi iyo yana auna zurfi da yanayin gaɓa. Harin da ake shiryawa bai yiwu ba, amma tunanin ya zauna: kafin a sauke dubban sojoji a bakin teku, sai wani ya je ya taka wurin da ƙafarsa. Hoton jirgin sama ba ya nuna ko yashi zai ɗauki tankar yaƙi, ko akwai tudu a ƙarƙashin ruwa da zai tsayar da jirgi nesa da gaɓa sojoji su diro cikin ruwan da ya fi ƙarfinsu. Daga wannan aka kafa rundunar masu auna gaɓa da ake kira COPP. A daren ƙarshe na shekarar 1943, Manjo Logan Scott-Bowden da Saja Bruce Ogden-Smith suka yi iyo zuwa gaɓar Normandy, a ƙarƙashin hancin masu gadin Jamus, suka haƙo samfurin yashi da laka suka koma da shi Ingila aka gwada. Watanni 5 bayan haka, ranar 6 ga Yuni 1944, sojojin ƙawance suka sauka a wannan gaɓa. Ba a yi wa mutanen nan biyu fim irin na Bordeaux ba, amma rayukan da ɗan yashin da suka ɗebo ya tsare sun fi ƙarfin lissafi.

Akwai kuma reshen da ya yi yaƙin sari-ka-noƙe a tsibiran Girka ƙarƙashin George Jellicoe daga 1943. Fitaccensu shi ne Anders Lassen, ɗan ƙasar Denmark, wanda aka kashe a tafkin Comacchio na Italiya a Afrilun 1945, aka ba shi lambar Victoria Cross bayan mutuwarsa. Da yaƙi ya ƙare aka rushe yawancin rundunonin, abin da ya rage aka damƙa wa Royal Marines. Courtney ya koma Afirka, ya mutu a Hargeisa a 1949, bai ga abin da shawararsa ta zama ba.

Shekarun da suka biyo rundunar ta yi aiki a Koriya da Borneo, ƙanƙanuwa, ba mai jin ɗuriyarta. Sabon babi ya buɗe mata a watan Mayun 1972, lokacin da wani ya buga waya ya ce ya dasa bama-bamai a katafaren jirgin fasinja na Queen Elizabeth 2 da ke tsakiyar tekun Atlantika, ya nemi dala 350,000. Aka ɗauki mutum 4, ciki har da 'yan SBS biyu da gwanin kwance bam, aka sako su da laima cikin teku kusa da jirgin. Ba a sami komai ba, barazanar ƙarya ce. Amma ta tona wani giɓi: Birtaniya na shirin kafa rijiyoyin mai a tekun Arewa, tana da jiragen fasinja da na dakon mai, kuma ba ta da wasu ƙwararru da za su ƙwato su idan 'yan bindiga suka kame. Tun daga lokacin wannan ya zama aikin SBS, hawa jirgi yana tafiya, daga ƙasa da tsani ko daga sama da igiya.

Yaƙin Falklands na 1982 shi ne ya maido ta kan asalinta. Ajantina ta mamaye tsibiran ranar 2 ga Afrilu. Tun farkon Mayu aka riƙa sauke 'yan SBS ƙungiya-ƙungiya, galibi mutum hurhuɗu, suna haƙa rami a tsauni su rufe da raga da ciyawa, su kwana su wuni a cikin ruwan sanyi suna ƙirga abokan gaba, da dare su gangara su auna gaɓa. Rahotonsu na daga cikin abin da ya tabbatar da cewa San Carlos kusan babu tsaro. Ranar 21 ga Mayu aka sauke dubban sojoji a wurin ba tare da an yi musu wata turjiya a bakin gaɓa ba. Ƙaramin sansanin Ajantina da ke kan tudun Fanning Head, wanda zai iya yi wa jiragen ruwan wuta, 'yan SBS ne suka tarwatsa shi a daren da taimakon igwar jirgin Antrim, bayan wani hafsa mai jin Sifaniyanci ya yi ta kiran su da lasifika su ajiye makami. Ranar 14 ga Yuni Ajantina ta miƙa wuya. Ko a nan ma tsohuwar cutar ta Bordeaux ta sake bayyana: wani sajan SBS ya mutu a hannun 'yan SAS, takwarorinsu na sojan ƙasa, da ayari biyu suka yi karo a duhu kowa na zaton maƙiyi ne.

A 1987 aka haɗa SBS da SAS ƙarƙashin shugabanci guda. Yau mai son shiga ɗayarsu zaɓe ɗaya yake bi: tafiyar ƙasa da kaya mai nauyi a duwatsun Brecon Beacons na Wales, sai horon ƙungurmin daji, sai gudun ɓuya da jure titsiye. Mafi yawan masu nema ba sa kaiwa ƙarshe. Wanda zai shiga SBS sai ya ƙara da nutso da tuƙin kwalekwale da fita daga jirgin ƙarƙashin teku, a mazaunin rundunar da ke Poole a kudancin Ingila. Haɗewar ta rage rashin jituwa, amma ta zo da wani sauyi. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 mutanen ruwa suka tsinci kansu a Afganistan, ƙasar da ba ta da teku ko taku ɗaya. Suna cikin waɗanda suka fara sauka a filin jirgin Bagram, suna wurin tarzomar fursunoni a ganuwar Qala-i-Jangi kusa da Mazar-i-Sharif a Nuwamban shekarar. Sannu a hankali rundunar da aka gina don kallo da haƙuri ta koma ta fasa ƙofa.

Ta wannan hanya ce ta iso Sakkwato, garin da ke da nisan fiye da kilomita 700 daga teku.

A watan Mayun 2011 'yan bindiga suka sace injiniyoyi biyu, ɗan Birtaniya da ɗan Italiya, daga masaukinsu a Birnin Kebbi, inda suke aikin ginin reshen Babban Bankin Najeriya. Aka shafe wata 10 ana nemansu. A farkon Maris na 2012 jami'an tsaron Najeriya suka kama wasu mutane a Zariya, daga bakinsu aka gano gidan da ake tsare da injiniyoyin a unguwar Mabera ta Sakkwato. Nan lokaci ya ƙure. An ji tsoron masu gadin za su gane an kama 'yan uwansu, su sauya wuri ko su kashe waɗanda suke riƙe da su. Firaminista David Cameron ya ba da izini, ranar Alhamis 8 ga Maris sojojin Najeriya da dakarun Birtaniya, waɗanda jaridun Birtaniya suka ce 'yan SBS ne, suka afka wa gidan da rana tsaka. Kafin su kai ga ɗakin, masu garkuwar sun harbe mutanen biyu. Musayar wuta ta ɗauki sa'o'i a tsakiyar unguwar da mata da yara ke zaune. Daga baya Birtaniya ta danganta lamarin da ƙungiyar Ansaru, ta haramta ta a ƙarshen shekarar.

Alhakin jinin nan yana wuyan waɗanda suka sace su suka kuma harbe su, ba na neman in sauke musu ko kaɗan. Kuma mai yanke shawara a irin wannan hali yana tsaka mai wuya: in ya jira aka kashe su, a ce ya yi sakaci, in ya shiga aka kashe su, a ce ya yi garaje. Amma a dubi abin da dakarun suka rasa a ranar. Ba duhu, ba kwanakin zama a ɓoye ana nazarin gida da ƙofofinsa da lokacin da masu gadi ke barci, ba damar isowa ba a ji ba. Duk abin da ya sa San Carlos ta yiwu babu shi a Mabera. Horo komai tsananinsa ba ya sa mutum ya riga yatsan da ke kan kunamar bindiga a ɗaki na gaba. Ita ma Italiya ba a sanar da ita ba sai da aka fara, abin da ya sa shugaban ƙasarta Giorgio Napolitano ya fito ya nuna ɓacin ransa a fili, ya nemi bayani. Shekara 70 bayan Bordeaux, waɗanda ya kamata su yi magana da juna ba su yi ba.

Najeriya ta sake shiga tarihin rundunar ta wata ƙofa. A Oktoban 2020 jirgin dakon mai Nave Andromeda ya taso daga Legas da wasu mutum 7 da suka ɓuya a cikinsa suna neman isa Turai. Da ya kusa tsibirin Wight a kudancin Ingila ma'aikatan jirgin suka nemi agaji, suka ce ana yi musu barazana. Ranar 25 ga wata da dare 'yan SBS suka sauko daga jirage masu saukar ungulu, cikin 'yan mintuna suka kame bakwai ɗin. Jaridu suka yi ta yabo kamar an murƙushe 'yan fashin teku. A Janairun 2021 masu gabatar da ƙara suka ce ba su da hujjar cewa mutanen sun yi yunƙurin ƙwace jirgin, aka janye batun. Najeriya kanta ta kafa tata rundunar mai irin wannan suna a 2006, bisa tsarin ta Birtaniya, tana aiki a fadamun Neja Delta da mashigin tekun Gini, an kuma kai ta arewa maso gabas.

Abin da ya rage mai nauyi shi ne wa ke tambayar waɗannan mutane. Al'adar gwamnatocin Birtaniya, kowace jam'iyya ke mulki, ita ce ba sa cewa uffan a kan dakarun musamman. Hukumomin leƙen asiri na MI5 da MI6 da GCHQ suna da kwamitin majalisa da ke bin ayyukansu; SBS da SAS ba su da irinsa. Na yarda mutumin da ke kwance a rami a bayan abokan gaba yana buƙatar a rufa masa asiri, domin ransa a kan haka yake. Ban yarda wannan rufin ya kamata ya lulluɓe ministan da ya aika shi ba, shekaru bayan an gama aikin. A 2013 an yi zaman binciken musabbabin mutuwar injiniyan Birtaniya a Ingila, aka tabbatar da cewa kisan gilla aka yi masa, amma irin wannan zama ba huruminsa ba ne ya auna shawarar da aka yanke a London. A Disamban 2022 gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin alƙali Charles Haddon-Cave kan zargin cewa dakarun musamman sun kashe mutanen da ba su ɗauke da makami a Afganistan tsakanin 2010 da 2013. Zarge-zargen da suka kai ga kafa shi yawanci a kan SAS suke, kuma an saurari shaidu da dama a bayan ƙofa. Afganistan kaɗai aka ba shi ya duba. Abin da ya faru a Mabera ba ya cikin aikinsa.